Kafin ka ce wa tauraronka "na yi maka alƙawari" a Football Manager

Duk wanda ya daɗe yana buga Football Manager, gem ɗin nan da kake zama kocin kulob ɗin ƙwallo, ya san saƙon nan. Kaka ta ƙare lafiya, ka ɗaga ƙaramin kulob ɗinka ya gama a na biyar ko na shida, ɗan wasan gabanka ya zura ƙwallo ashirin da wani abu, kana cikin lissafin wa za ka sayo ya riƙa ba shi fasin, kawai sai ka ga saƙo ya shigo wai yaron yana son ganinka, ya ji wani babban kulob na bibiyarsa kuma yana so ka bar shi ya tafi. Gem ɗin sai ya jero maka amsoshi, a ciki akwai masu daɗin faɗa, zan sayo manyan 'yan wasa, baɗi za mu shiga gasar zakarun Turai, za mu ci kofi. Kana latsa ɗaya yaron ya sauko, magana ta mutu, kai ma hankalinka ya kwanta. To maganata ta yau kenan 'yan uwa, amsar nan mai daɗi ita ce ta fi kowacce haɗari a jerin, kuma yawancin sef ɗin (wato wasan da mutum ya adana yana ci gaba da shi) da na ga ya wargaje a hannun abokaina alƙawari ne ya kashe shi, alƙawarin da aka yi dan kawai a samu a wuce wurin.

Gem ɗin nan ba ya mantuwa fa. Duk abin da ka ɗauka wa ɗan wasa ana rubuta shi a shafinsa na daban, da wa'adinsa, har da yadda yaron yake ganin kana tafiya, ko ka kama hanyar cikawa ko ka saki layi. Ranar da wa'adi ya cika ba ka cika ba, fushin farko mai sauƙi ne a kan wanda zai biyo baya, sabida yanzu ba maganar tafiya kawai yake ba, cewa yake ka yaudare shi. Daga nan ko kwantiragi ka miƙa mishi wakilinsa zai ce ba sa sha'awar zama da kai, ko wani alƙawarin ka sake kawowa zai tuna maka na baya, sannan abokansa a kulob su ɗauki maganar. Bahaushe ya ce alƙawari kaya ne, wallahi a gem ɗin nan haka yake ba ragi.

A da can abin bai kai haka tsanani ba. 'Yan uwan nan biyu Paul da Oliver Collyer sun fito da Championship Manager a 1992, kamfaninsu Sports Interactive ya rabu da Eidos, kamfanin da ke fitar musu da gem ɗin kasuwa, a 2003 ya koma fitar da gem ɗin da sunan Football Manager a ƙarƙashin Sega, kuma tun lokacin 'yan wasa na fushi suna neman a sa su a kasuwa. Amma fitowar Football Manager 2018 ce ta canza lissafi, lokacin da aka kawo shafin da ke nuna zamantakewar 'yan wasa a ɗakin canza kaya. A nan za ka ga dala guda, a samanta shugabannin 'yan wasa da ba sa wuce mutum uku, ƙasa da su masu faɗa a ji sosai, sai masu ɗan tasiri, sai sauran gayya. Gefe guda kuma an raba su rukuni rukuni gwargwadon daɗewa a kulob da yare da shekaru. Kamar majalisar unguwa ce dai, in ƙaramin yaro ya yi fushi ya daina zuwa ba wanda zai damu sosai, amma ranar da mai tabarmar ya ɓata rai rabin majalisa ce za ta tashi tare da shi. Shi ya sa kafin ka shiga ganawa da duk wanda ya zo da ƙorafi, ka fara leƙa shafin nan ka ga ina yake a dalar, su wa yake tare da su, mutum nawa ne suka goyi bayan kukansa nawa ne kuma suke ganin rigima ce kawai yake ji. Sau da yawa za ka tarar tauraron naka, duk da ƙwallayen da yake ci, bai fi shekara ɗaya da zuwa ba, bai da jama'a tukunna, in ka ce mishi a'a mutum ɗaya ko biyu ne za su ɗaure fuska su kuma saki bayan 'yan makonni.

Sai kwantiragi. Ni dai a wurina babu abin da ya kai wannan muhimmanci, shekara nawa ta rage mishi? Tun hukuncin Bosman na 1995 ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare tafiyarsa yake kyauta, kuma in saura wata shida kulob na wata ƙasa zai iya zuwa ya ƙulla yarjejeniya da shi kana ji kana gani, gem ɗin ma haka yake yi. In saura shekara uku ko huɗu, wuƙa da nama na hannunka. Ku tuna Harry Kane, a 2018 ya sa hannu a kwantiragin shekara shida da Tottenham, da ya so komawa Manchester City a 2021 shugaban Tottenham na lokacin Daniel Levy ya ƙi, kuma babu yadda Kane ya iya, ya dawo ya ci gaba da wasa har ya ci ƙwallo 30 a Firimiya a kakar 2022/23, sai da ya rage shekara ɗaya sannan suka sayar wa Bayern Munich a 2023 da kuɗi mai kauri. Ku kuma dubi PSG da suka biya wajen yuro miliyan 180 a kan Mbappé, suka bari lokaci ya ƙure, a 2023 har sun cire shi daga tafiyar share fagen kaka zuwa Japan dan su matsa mishi, bai yi aiki ba, a 2024 ya tafi Real Madrid ko sisi ba a ba su na sayarwa ba. A gem duk tauraron da ya rage wa shekara biyu na fara zama da wakilinsa, in ya sabunta madalla, in ya ƙi to wannan bazarar ce lokacin ciniki, dan baɗi rabin kuɗin ma da ƙyar za a taya.

Halin yaron kuma wani abu ne da mutane ke tsallakewa, su tsaya kallon gudu da iya cin ƙwallo kawai. Bayan lambobin nan na 1 zuwa 20 da kake gani masu auna iyawar ɗan wasa akwai wasu da aka ɓoye, buri, riƙon amana ga kulob, ɗaukar aiki da muhimmanci, zafin rai, son surutu a gaban 'yan jarida. Ba za a nuna maka su ƙarara ba amma bayanin halinsa da rahoton masu farauto maka 'yan wasa suna ba ka haske. Mai ɗaukar aikinsa da gaske ko ka hana shi tafiya zai yi fushinsa amma ranar wasa zai fito ya yi abin da ya saba. Mai dogon buri da ƙarancin amana, musamman in ga zafin rai, shi ne zai fara lalaci a tirenin, ya je ya yi magana a jarida, wata rana ma ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Mutum biyun nan ƙorafinsu iri ɗaya ne a rubuce amma ba amsa ɗaya za ka ba su ba.

Mu zo kan ƙorafe-ƙorafen su kansu. Wanda ya fi yawa shi ne na zaman benci, kuma gaskiya shi ne ya fi sauƙin kaucewa tun daga tushe. Tun fitowar 2020 kowane ɗan wasa ana rubuta mishi matsayi lokacin sa hannu, tauraro ne, ko mai muhimmanci, ko mai fara wasa a kai a kai, ko ɗan cike gurbi, ko mai shigowa daga benci ya canza wasa, har zuwa na ko-ta-kwana. Wakili kullum babban matsayi yake nema wa yaronsa, kai kuma kana ɗokin a gama ciniki sai ka ce to. Ka sani kalmar nan ma alƙawari ce. Wanda ka kira tauraro yana sa ran duk wasan da yake da lafiya da shi za a fara, shigowar minti goma a ƙarshe ba ta gamsar da shi, haka ma wasan ƙaramin kofi da kulob ɗin da ba a san sunansa ba. In kana da mutum biyar masu wannan matsayin kuma biyu a gurbi ɗaya suke bugawa, to rigima na nan tafe kafin Disamba ko da kuwa kai ne a saman tebur. Gara ka ja da wakilin ya sauko mataki ɗaya ko da za ka ɗan ƙara kuɗi, in kuma ya ƙi ka haƙura da cinikin. Idan ƙorafin ya riga ya zo, faɗa mishi gaskiya, in wanda ya karɓe gurbinsa yana kan ganiya ka ce haka, yawanci yana karɓa matuƙar makin da ake ba wancan ɗin bayan kowane wasa ya nuna da gaske ne. A fitowar 2024 ma an ƙaro damar ka sa wa ɗan wasa abin da zai cimma, kamar yawan ƙwallaye ko matsakaicin maki, kaga nauyin ya koma wuyansa kenan maimakon naka, ina son wannan sosai.

Na albashi ba zan daɗe a kai ba. In yaro ya cancanta ka biya shi tun kafin ya tambaya, ya fi arha. Abin lura kawai shi ne sharaɗin nan da wakilai ke cusawa na cewa duk wanda ya fi kowa albashi a kulob to a daidaita shi da shi, ka cire shi ko ta halin ƙaƙa, sannan ka san ranar da ka ninka wa mutum ɗaya akwai biyu ko uku da za su ƙwanƙwasa maka ƙofa. Na kewar gida ma haka, yaron da ka ɗauko daga Afirka ko Kudancin Amurka ya kasa sabawa, ka sa shi ajin koyon yare, ka haɗa shi da wanda suke jin magana ɗaya ya karɓe shi, in ta kama ka ba shi hutu ya je gida ya dawo.

Babbar maganar ita ce ta wanda babban kulob ke nema, a nan ne ake gane koci. Yadda nake kallon abin, alƙawura iri biyu ne a jerin da gem ke ba ka, akwai wanda cikawarsa na hannunka akwai wanda ba ya hannunka. Ka ce za mu shiga gasar zakarun Turai, da me? Golanka ya ji ciwo a Fabrairu, alƙali ya ba da fenariti a minti na 90, ka gama a bayan wani da maki ɗaya, shikenan ka zama maƙaryaci a idon yaron ba tare da ka yi ƙarya ba. Wanda ya fi wannan tarko shi ne na "zan ƙarfafa tawaga", dan ba kai ke yanke hukuncin ko ka cika ba, shi ne. Za ka kawo yaro ɗan shekara 18 wanda kai ka san nan da shekara uku duniya za ta san shi, amma tauraronka suna yake kallo, bai san shi ba, a wurinsa ba ka kawo kowa ba. Irin waɗannan ina guje musu iyakar iyawata. Wanda ke hannunka kuwa shi ne ka ce ka ba ni shekara ɗaya in sake ka, ko ku zauna ku tsayar da farashi, duk kulob ɗin da ya kawo kaza zan karɓa. Wannan ba ya buƙatar sa'a, ranar da tayin ya zo ka latsa amincewa kawai. Sai dai ka tsayar da farashin da in an biya ba za ka yi da-na-sani ba, in ya ce ya yi yawa ku ja kaɗan, amma kar ka sauko inda kuɗin ba zai sayo maka madadinsa ba.

Kuma ba gem ne ya ƙirƙiro wannan hanyar ba. A 2008 Cristiano Ronaldo ya so tafiya Real Madrid, kocinsa na Manchester United Alex Ferguson ya bi shi har Portugal suka yi magana ya yarda ya ƙara shekara ɗaya, United ta sake cin Firimiya ta kai wasan ƙarshe na zakarun Turai, a 2009 aka sake shi a kan fam miliyan 80, kowa ya rabu da kowa da mutunci. Na Suarez ya fi zafi. A 2013 Arsenal ta kai tayin fam miliyan 40 da fam ɗaya, Liverpool ta yi watsi da shi, Suarez ya fito a jarida ya ce an yi mishi alƙawarin za a bar shi ya tafi in ba su samu gurbin zakarun Turai ba, kocin Liverpool na lokacin Brendan Rodgers ya ware shi yana tirenin shi kaɗai. Wanda ya taimaka aka kashe wutar shi ne kyaftin Steven Gerrard da ya zauna da shi ya ba shi shawarar ya dakata. Ya tsaya, ya ci ƙwallo 31 a Firimiya, ya sabunta kwantiragi a Disamba, da bazarar 2014 ya tafi Barcelona da kuɗin da ya zarce tayin Arsenal nesa ba kusa ba. Wannan dabarar ta kyaftin tana nan a gem, za ka iya cewa wani daga cikin shugabannin 'yan wasa ya je ya yi mishi magana a madadinka, ba kullum take ci ba amma in kyaftin ɗinka na da ƙima kuma yana tare da kai ka fara gwada ta kafin komai, ba ka asarar komai. Shi ya sa ma ban yarda a ba mutum kambun kyaftin dan kawai ya fi kowa iya ƙwallo ba. Sannan ku dubi Alexander Isak a 2025, abin da ya fito ya faɗa wa duniya shi ne an karya mishi alƙawari kuma yarda ta ƙare, bai sake buga wa Newcastle ba har ya koma Liverpool a kan fam miliyan 125 a ranar rufe kasuwa. Ko wa ke da gaskiya a cikinsu, kalmar da rigimar ta tsaya a kai kenan.

Cewa a'a kai tsaye ma amsa ce, mutane na tsoronta fiye da kima. In kwantiragi na da tsawo, yaron ba shi da jama'a, halinsa kuma mai kyau ne, ka ce mishi ba inda za ka, cikin ladabi ba da tsawa ba. Zai yi fushi, alamar rashin jin daɗi za ta fito a gefen sunansa, ka ci gaba da sa shi a wasa, ka yaba mishi in ya yi abin yabo. Kasuwa na rufewa, kulob ɗin da ke nemansa ya sayi wani, sau da yawa da kansa zai zo ya ce ya janye maganar. In kuma tawaga ta taso ta zo maka a ƙungiyance kar ka kore su, ka saurara ka yi bayani, amma a nan ma ka kula dan a cikin amsoshin akwai alƙawarin da zai ɗaure ka a gaban mutum goma maimakon ɗaya. Ba abin da ke huce ɗakin canza kaya kamar cin wasa uku huɗu a jere.

Abin da ba na so shi ne hukuncin zuciya, ka ji haushi ka tura shi cikin yara 'yan rizab ka ce ya ruɓe a can. Kuɗinka ne ke ruɓewa malam. Darajarsa na sauka, albashi kana biya, masu saye sun gane a matse kake sai su riƙa taya shi da araha. Abin da ya faru da Victor Osimhen ya dame ni har yanzu, mutumin da ya ci ƙwallo 26 ya kai Napoli ga kofin Serie A na farko tun 1990, ya zama gwarzon Afirka na 2023, amma a bazarar 2024 ciniki ya ƙi faɗawa aka cire sunansa daga tawaga, sai aro ya tafi Galatasaray bayan manyan kasuwannin Turai sun rufe. Farashin da aka riƙa ambata a kansa ya haura yuro miliyan 100, a ƙarshe miliyan 75 aka sayar da shi a 2025. Napoli ta ci kofi a kakar da ba ya nan, gaskiya ne, amma ƙaramin kulob ɗinka na gem ba shi da aljihun da zai ɗauki irin wannan giɓin. Rashin ɗa'a daban ne, wanda ya ƙi zuwa tirenin ka ci shi tara, gem na ba ka dama har albashin mako biyu, kuma in kun amince da dokokin ladabtarwa tun farkon kaka ba wanda zai ce ka zalunce shi, sharaɗin dai ka yi wa tauraro abin da za ka yi wa ɗan benci. A Arsenal, koci Arteta ya karɓe kambun kyaftin daga Aubameyang a Disambar 2021 kan saɓa doka, ya bar shi ya tafi Barcelona, tawagar kuma ta tsaya da kocinta.

In ta tabbata sayarwa za ka yi, yi da wuri a farkon bazara kana da lokacin kashe kuɗin, kar ka kai ranar ƙarshe. Ka nemi kaso a cinikinsa na gaba in matashi ne, ka duba nawa shugabannin kulob za su bar maka a cikin kuɗin dan ba duka suke sakewa ba, kuma tun ranar da ya fara ƙorafi ya kamata a ce masu farautarka sun tara maka sunaye uku a gurbinsa. Liverpool ta hana Coutinho tafiya a Agustan 2017 duk da ya rubuta takardar neman a sake shi, ta sayar wa Barcelona a Janairun 2018 a kan sama da fam miliyan 100, a watan ta kawo Van Dijk a kan miliyan 75, da bazara ta kawo Alisson, a 2019 ta ɗauki kofin zakarun Turai a 2020 ta ɗauki Firimiya. Sau da yawa kuɗin tauraro ɗaya gurbi biyu ko uku yake gyarawa.

Bayan ya tafi akwai ganawa ɗaya da ta rage, abokansa za su zo su ce me ya sa aka sayar da wane. A cikin amsoshin akwai "zan kawo wanda zai maye gurbinsa", kar ka taɓa ta sai in cinikin sabon ya kai matakin gwajin lafiya kuma sunansa ya kai su san shi. In ba haka ba ka gaya musu shi ne ya nemi tafiya kuma kuɗin da aka kawo ba na ƙi ba ne, ko ka ce akwai yaro a gida da kake son ba dama in da gaske akwai shi, sannan wasan farko na kaka ka fara da yaron nan su gani da idonsu.